Tulun Magdalene a Bayan Kujera

Akwai wani saurayi a Zuru mai suna Solomon, ɗan Saje Kefas na unguwar Rikoto. A shekarar 2005 ya samu aiki a wani kamfani mai kafa ƙarafan sabis na wayar hannu. Aljihu ya ɗan yi nauyi, shi kuma ya fara jin kansa.

Abin da ya fara saye mota ce 'yar Kwatano, ja, mai kujera biyu kacal, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya. Gajeriya ce har cikinta na neman taɓa ƙasa, ko kunyar gyaɗa ba za ta iya haurawa ba. Matan unguwa suka raɗa mata suna motar marowaci, don mutum ɗaya take ɗauka, buhun dawa kuwa sai dai ya biyo ta a ƙasa.

Amma kafin mu bi Solomon, bari in gaya muku yadda iyayensa suke, don a nan labarin yake.

Saje Kefas tsohon soja ne. Ya tafi yaƙin Laberiya yana ji ras, bom ya faɗi kusa da ramin da yake ciki, ya dawo gida ko tsawa ba ya ji. Idan ana so a gaya masa abu sai a rubuta, ko a tsaya a gabansa ya kalli baki. Shi kuwa idan zai yi magana, da ƙarfi yake yi, don bai san girman muryarsa ba.

Matarsa Magdalene ita ce mai kiɗan tulu a Zumuntar Mata ta majami'arsu. Wanda ya taɓa jin matan nan suna waƙa ya san sautin. Tulun ƙasa ne ake dukan bakinsa da faffaɗan soso, yana fitar da wani dum-dum mai zurfi da ake ji har cikin ƙirji.

Kullum da la'asar Magdalene takan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ta sa tulu tsakanin gwiwoyinta. Saje ya zo ya zauna, ya jingina bayansa da bayanta. Duk dukan da ta yi wa tulun sai ya bi ta bayanta ya shiga nasa, yana bin kiɗan da yatsa a kan gwiwa. Ta haka kaɗai yake jin waƙa.

Tana da wata ɗabi'a. Idan an zo amshi, sai ta saka duka biyu ƙanana cikin sauri, waɗanda babu su a waƙar. Shi kuma sai ya ɗaga murya ya ce mata ta yi sauri, ita kuma ta zungure shi da gwiwar hannu. Idan ta gama, ba ta juyowa. Kofin kunu take miƙa masa ta saman kafaɗa, ya ɗaga hannu ya karɓa. Shekara goma sha uku suna haka. Maƙwabta sun yi dariya har sun gaji.

To, mu koma kan Solomon.

Motar ta zo da rediyo mai cin kaset da ƙananan sifiku biyu a ƙofofi. Solomon bai gamsu ba. So yake idan ya kunna kiɗa a tasha, a san da shi a Rikoto. Aka ce masa ya je wurin Malam Lawwali, mai gyaran rediyo da kayan sauti a wata rumfa kusa da kasuwa.

Malam Lawwali dattijo ne, kuma shi ma kunnensa ba lafiya. Ya yi shekaru yana aikin injin niƙa da ƙuruciya, kunnen hagu ya mutu, na dama kuma sai an ɗaga murya. Saboda haka da tafin hannu yake aiki. Yakan ɗora hannu a jikin sifika ko a ƙofar mota, ya lumshe ido, ya gaya maka inda sauti yake zubewa.

Haka ya yi wa motar Solomon. Ya ture kujerar gaba, ya ƙwanƙwasa bangon ƙarfen da ya raba kujerun da but, wato ma'ajiyar kaya ta baya, ya auna ɗan sararin da ke bayan kujera da taƙi. Sannan ya ɗauko wata ƙaramar wufa daga kan kanta, wato sifikar da ke fitar da ƙasan sauti, 'yar inci takwas, faɗinta bai wuce faranti ba.

Ya ce, "Motag ga ƙarama ta, ɗana. Wagga ta ishe ta. In sa maka ita nan bayan kujera, ka ji kiɗi a bayanka. Rediyon kuma ka bar shi, mai kyau na."

Solomon ya kalli 'yar wufar ya kwashe da dariya. Akwai mutane zaune a benci suna jiran gyara. Ya juya wajensu, ya ce da ma laifinsa ne da ya kawo aikin sauti wurin kurma.

Ni dai duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci. Yaron da ya tashi a gidan Saje Kefas, shi ne ya buɗe baki ya faɗi wannan.

Malam Lawwali bai ji maganar ba, amma ya gan ta a bakinsa. Ya mayar da wufar cikin kwalinta, ya ɗora a kan kanta, ya ce, "To, madalla. Ka gaishe mani da Saje."

Solomon bai gane abin da ake nufi ba. Ya ja motarsa sai Kaduna. Can aka cire masa tayar safaya, aka cusa manyan wufa biyu a but, aka fizge rediyon kaset aka sa mai cin faifan sidi. Da ya dawo, sai da ya tsaya a gaban rumfar Malam Lawwali, ya ƙure sauti har lambar motar tana karkarwa. Ya ɗauko tsohon rediyon ya jefa a kan teburin dattijon, ya ce ga irin kayansa nan, tsofaffi ga tsoho. Malam Lawwali ya naɗe rediyon a leda ya ajiye kusa da kwalin wufar.

Wata shida Solomon yana girgiza gari. Tsofaffi suna toshe kunne, awaki suna tsinke igiya.

A farkon daminar 2006, Magdalene ta dawo daga gona ta ce kanta yana sara. Kafin a kai ta asibiti ta cika.

Aka yi jana'iza ranar Asabar. Saje bai yi kuka ba. Ya tsaya ƙyam a bakin kabari har aka gama, ya dawo gida ya shige ɗaki. Makon farko yakan ci loma biyu ko uku idan an matsa masa. Daga nan ya juya fuskarsa ga bango, ya daina cin komai.

Babbar 'yarsa Leah, wadda ke aure a Dabai, ta dawo gida ta zauna da shi. Ta yi tuwo, ta yi fate, ta dama kunu. Ko kallon kwanon ba ya yi. Fasto ya zo ya rubuta masa ayoyi a takarda, bai karanta ba. Tsofaffin sojoji abokansa suka zo suka jeru suka sara masa, wani ma har ya rubuta masa cewa umarni ne ya ci abinci. Ya rufe ido.

Sau biyu aka kai shi asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, sau biyu yana zare allurar da hannunsa. Likita ya ja Solomon da Leah gefe ya ce bai ga wani ciwo a jikinsa ba. Mutum ne da ya yanke shawarar bin matarsa. Ya ce idan aka ƙara kwana uku ko huɗu a haka, kada su zo suna tambayarsa me za a yi.

A lokacin kwana takwas ke nan babu abin da ya shiga cikin Saje sai kurɓin ruwa.

Leah ce ta fara tunanin tulun. Ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaro, ita da Solomon suka tallabo tsohon suka zaunar da shi, ta jingina bayanta da nasa, ta ɗauki soson mahaifiyarta. Duka huɗu ta yi wa tulun. Saje ya janye bayansa, ya ce da muryar da ta dushe, "Ba hannunta ba ne." Aka kira wata tsohuwa daga Zumunta, wadda suka yi shekara ashirin suna kiɗa tare da marigayiyar. Ita ko zama bai yarda ya yi ba.

Leah ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Tana cikin kukan ta tuna da kaset. Shekara uku da suka wuce, a wani babban taron Zumunta, ta ajiye ƙaramin rediyonta kusa da ƙafar Mama ta ɗauki waƙoƙin. Muryoyin matan sun yi nisa a ciki, amma tulun ya fito sosai. Ta zazzage akwatin marigayiyar, ta same shi a ƙarƙashin zannuwa. Guda ɗaya ne, babu wani a ko'ina.

Ta fito da gudu ta ce wa Solomon ya kawo motar nan tasa mai girgiza gari, yau ga ranar amfaninta.

Solomon ya karɓi kaset ɗin, ya zauna a mota, ya miƙa hannu zai saka. Sai ya tsaya. Babu inda zai shiga. 'Yar siririyar tsaga ce kawai ta faifai.

Tsoro yakan sa mutum wauta. Ya ce ai tulu tulu ne, ya ɗauko faifan wata ƙungiyar mawaƙa, aka ɗauko Saje aka sa a kujera, ya ƙure sauti. Duk unguwa ta ɗauka. Motar ta yi ta kyarma, ƙarafa suna kaɗawa, babu duka babu tsari, girgiza ce kawai. Tsohon ya dafe ciki ya amayar da ɗan ruwan da ya sha. Da suka mayar da shi ɗaki, ya kalli ɗansa sau ɗaya, ya sake juyawa bango.

Washegari da safe suka gwada rediyon gida. Leah ta saka kaset, ta manna rediyon a bayan mahaifinta. 'Yar sifikarsa ba ta da ƙasan sauti ko kaɗan, Saje bai ma san an kunna komai ba. Suna tsaye sai muryoyin matan suka fara jan jiki, suka lanƙwashe, suka yi shiru. Leah ta danna ta buɗe. Rediyon ya tauna zaren kaset ɗin. Ta ja a hankali, zaren ya fito a cukurkuɗe, ya tsinke a hannunta.

Ta zauna a ƙasa daɓas. Ba ta ma iya kuka ba. Ta miƙa wa Solomon kaset ɗin da zarensa yana reto, ta ce, "Shi ke nan, mun kashe Mama sau biyu. Saura Baba."

Solomon ya fita kamar mahaukaci. Ya je wurin masu sayar da kaset a tasha, suka juya shi suka ce ya mutu. Ya je wurin wani mai gyaran talabijin, ya ce ba aikinsa ba ne. Ya yi tunanin Kaduna, ya lissafa tafiya da dawowa a kan wannan hanya, ya ga kwanakin da likita ya faɗa ba za su jira shi ba. Duk wanda ya tambaya suna ɗaya yake ba shi.

Sau biyu ya wuce ta gaban rumfar Malam Lawwali bai iya tsayawa ba. A na uku ya tsaya, ya kashe mota. Rabon da motar nan ta tsaya a wurin shiru tun ranar farko.

Malam Lawwali yana kan benci yana gyaran wata fanka. Solomon ya durƙusa a gabansa a cikin ƙasa, wandonsa mai tsada da komai, ya ɗora kaset ɗin a kan gwiwar dattijon. Ya fara bayani, kansa a sunkuye. Malam Lawwali ya sa yatsa ya ɗago haɓarsa.

"Dube ni in kana magana. Bakinka nika karantawa."

Solomon ya ɗago. Ya faɗi komai, tabarma, baya da baya, kwana tara, abin da likita ya ce. Da ya zo neman gafara kan maganar da ya yi, sai hawaye suka hana shi ƙarasawa.

Dattijon ya ce ya ga maganar a ranar, kuma ba don kansa ta yi masa zafi ba. Ya ce shi ya saba. Saje ne ya faɗo masa a rai, mutumin da ya bar kunnensa a ƙasar wasu, ga ɗansa yana zagin kurame a kasuwa. Sannan ya ture fankar gefe ya ce a matso da motar cikin inuwa.

Da kaset ya fara. Ya kwance 'yan kusoshinsa biyar, ya buɗe shi a kan farin ƙyalle. Ya bi zaren da bayan cokali yana miƙar da inda ya yamutse, a hankali, taƙi bayan taƙi. Inda ya lalace ya yanke da reza, ya haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce, ya hura, ya jira. Ya naɗe da biro. Ya ce abin da aka rasa bai wuce numfashi ɗaya ba. Babu wuta a ranar, don haka da batir ya kunna rediyonsa mai baki biyu, ya kwafe waƙoƙin a sabon kaset. Na asalin ya ba Solomon ya ce ya sa a aljihu, kada ya ƙara shiga kowane rediyo.

Sannan ya buɗe but ya kalli manyan wufan Kaduna.

Ya ce, "Waɗanga na mutanen titi na. Wanda az zamne ciki ba shi samun komi sai girgiza. Fidda su."

Solomon da kansa ya kwance su ya jingine a bango. Malam Lawwali ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da abu biyu: kwalin 'yar wufar nan, da tsohon rediyon a cikin ledarsa. Solomon ya gan su ya kasa haɗa ido da kowa.

Aiki ne mai cin rai. Sararin bayan kujera bai fi taƙi ɗaya ba daga ƙasa, sama kuma ya tsuke. Dattijon ya yanka katako ya haɗa ɗan akwati mai faɗi a ƙasa da tsini a sama, ya bi kowace kusurwa da gam don kada iska ta fita. Ya farke bayan kujerar fasinja, ya rage soso, ya sa siririn katako a ciki, yadda akwatin zai manne da kujerar ba tare da rata ba. Ya jawo waya mai kauri daga batir, ya sa mata fis. Ƙarfen dalma a kurfoti yake gasa shi, kowace haɗa waya sai an jira ya yi zafi.

Rana ta take, wayar Solomon ta yi ƙara. Leah ce. Ta ce Baba ya daina karɓar ko ruwan, leɓensa ya tsattsage, fasto yana ɗakin, mata sun fara taruwa a tsakar gida. Ta ce in zai zo ya zo yanzu.

Solomon ya kama hannun dattijon ya roƙe shi ya haɗa haka nan, ko yaya ne, su tafi. Malam Lawwali ya girgiza kai. Ya ce an riga an sa Saje a motar nan sau ɗaya an wahalshe shi. Idan aka sake sa shi bai gane matarsa ba, ba zai ƙara yarda ba, ko da akwai sauran kwana. Dama ɗaya ce.

Da aka kira azahar ya ajiye sukurdireba ya yi alwala. Solomon ya tsaya riƙe da bakin waya biyu, yana kallon dattijon yana sallah a gefen rumfa. Minti biyar ne, amma bai taɓa ganin lokaci mai tsawo irinsa ba. Shi ma ya sunkuyar da kai ya yi tasa addu'ar, wadda ya daɗe bai yi ba.

Wajen ƙarfe uku aka gama haɗawa. Malam Lawwali ya shiga kujerar fasinja, ya jingina, ya lumshe ido, ya ce a kunna. Solomon ya saka kaset, hannunsa ya tafi kai tsaye ya murɗa sauti sama, don abin da ya saba ke nan. Dattijon ya buge hannun.

"Rage. Hannun mace na, ba tirela ba."

Ya rage. Dattijon ya ce a ƙara ragewa. Ya sa hannu baya ya murɗa wani ɗan maɓalli a jikin amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti da ya haɗa wa wufar, ya cire muryoyi daga wufar ya bar mata tulu kaɗai. Ya fito ya ƙara ɗaure noti ɗaya da ya ce yana kaɗawa, ya koma ya zauna. Sai da kowane duka ya fito shi kaɗai, da farkonsa da ƙarshensa, sannan ya buɗe ido ya ce su tafi. Ko wanda ke tsaye a bakin rumfar da ƙyar yake jin ana kiɗa.

Suka shiga Rikoto a hankali. Solomon ya shigar da motar har tsakar gida, ƙarƙashin mangwaro, ya naɗe rufin baya. Matan da ke zaune suka bi shi da harara, wata ta ce yaron nan ko yau ba zai bar mutane su huta ba.

Shi da Leah suka ɗauko Saje. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Da ya ga motar sai ya fara ture su da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Malam Lawwali ya zo gabansa ya tsaya, ya sara masa. Ya nuna kunnensa, ya nuna na Saje, sannan ya juya ya bubbuga bayansa da hannu. Tsofaffin biyu suka kalli juna. Saje ya saki jiki, aka zaunar da shi, dattijon ya danna kafaɗunsa har bayansa ya manne da kujerar.

Solomon ya danna kaset.

Muryoyin mata suka fara fitowa ƙasa-ƙasa daga ƙofofi. Leah ta toshe bakinta da gefen zane. Sai tulu ya shigo.

Fuskar Saje ba ta motsa ba. Baiti na farko ya wuce, idonsa a rufe, hannuwansa a yashe kan cinya. Solomon ya kalli rediyon. Ya kai hannu zai ƙara sauti, Malam Lawwali ya riƙe wuyan hannunsa gam.

A tsakiyar baiti na biyu, yatsa ɗaya ya ɗaga a kan gwiwar tsohon, ya sauka. Ya sake ɗagawa. Yana bin kiɗan. Da aka kusa amshi, yatsan ya yi duka biyu ƙanana cikin sauri, kuma a daidai lokacin tulun ya yi su a bayan kujera.

Saje ya buɗe baki, da babbar muryar nan tasa wadda aka yi kwanaki ba a ji ba, ya ce, "Magdalene, kin yi sauri."

Sannan ya fashe da kuka. Kukan da bai yi a bakin kabari ba, shi ya yi a cikin jar motar nan, kafaɗunsa suna rawa, bayansa manne da kujera bai yarda ya ɗaga ba. Babu wanda ya rarrashe shi. Duk wanda ke tsakar gidan kuka yake, har fasto.

Waƙa huɗu ce a fuskar kaset ɗin. Da ta ƙarshe ta ƙare, rediyon ya yi ƙas ya tsaya, kujerar ta yi shiru. Saje ya zauna yana ajiyar zuciya. Can sai hannunsa na dama ya tashi a hankali, ya tsaya a saman kafaɗarsa, tafin a buɗe.

Solomon bai gane ba. Leah ce ta gane. Ta ruga madafa har tana tuntuɓe, ta zubo kunu a kofin Mama, ta zagayo ta bayan motar yadda ba zai gan ta ba, ta sa masa a hannu.

Ya karɓa bai waiwaya ba. Ya kai baki, ya sha.

Saje Kefas ya ƙara shekara uku a duniya. Motar ba ta sake barin ƙarƙashin mangwaron nan ba sai in za a zaga da ita don batir. Solomon ya koma wurin aikinsa a motar haya, ya bar wa maƙwabcinsu makulli. Kullum da la'asar tsohon yakan fito ya shiga ya jingina, a danna masa kaset, ya yi wa matarsa faɗan sauri, ya sha kununsa. Duk wata Malam Lawwali yakan biyo da auduga ya goge kan rediyon, su zauna da Saje a tabarma suna hira da hannu.

Manyan wufan Kaduna kuwa suna nan jingine a bangon rumfa har ruwa ya lalata su. Solomon bai taɓa komawa ya ɗauka ba.

Darasi: Kada ka raina mutum saboda abin da Allah ya rage masa, domin wataƙila ta wannan rashin ne ya san abin da kai ba ka sani ba, kuma ranar da za ka durƙusa a gabansa ba ta sanarwa. Mu kiyaye harshenmu a kan masu lalura, mu saurari masu sana'a idan sun ba mu shawara, mu kuma lura da ƙananan abubuwan da ke riƙe da ran iyayenmu tun suna raye. Idan labarin nan ya taɓa zuciyarka, tura shi ga wani, musamman wanda har yanzu yake da tsoho a gida.